Yadda Ake Tsayar da Ayyukan Jadawali a Sabar Masana'anta

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin narka roba a Sharaɗa a lokacin tashi daga aiki ya ga yadda mai injin yake kashe shi. Ba ya zuwa kai tsaye ya ja makunni. Yakan fara rufe bakin mazurarin da ƙwayar roba take gangarowa, ya bar injin yana juyawa har ya amayar da abin da ya rage a cikinsa, sannan ya kashe wutar da ke gasa bututun. In ya yi gaggawa, robar za ta sandare a ciki, washegari rabin yini ya tafi wajen fitar da ita. Haka ma a kamfanonin jima na Challawa, ba mai tsayar da ganga alhali magani bai gama ratsa fatun da ke ciki ba, sai fa in wuta aka ɗauke masa.

Can bayan ofishin akanta kuwa, a wani ɗan ɗaki mai sanyi da mutum biyu ko uku kaɗai ke da makullinsa, akwai wani injin da yake bukatar irin wannan ladabi, amma ba kowa ya sani ba, don ba ya ƙara kuma ba ya hayaƙi. Wannan ita ce saba, babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar tafiyar da kamfani, ko SAP ce, ko Odoo, ko ERPNext, ko wata da aka ɗinka wa kamfanin musamman a kan SQL Server ko Oracle. Da rana ma'aikata ne ke ba ta aiki. Da dare kuwa ita ke ba kanta, bisa jadawalin da wani ya tsara mata tun da daɗewa. Ƙarfe ɗaya ta ɗauki kwafin ajiya na bayanai. Ƙarfe biyu ta cire kayan da tireloli suka fita da su daga lissafin sito. Kowane minti goma ta kwaso sunayen waɗanda suka dangwala yatsa a bakin ƙofa, da nauyin da sikelin mota ya auna. Ƙarshen wata ta haɗa albashi. Waɗannan su ne ayyukan bayan fage, kuma akwai ranar da dole a tsayar da su: ranar sabunta manhaja, ranar ƙaura zuwa sabuwar saba, ranar ƙidayar kaya, ranar sauya batiran inbata, ko doguwar ɗaukewar wuta. Mutanen Kano ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya samu matsala, Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. A irin wannan hali mai masana'anta yakan auna dizal da cokali, kuma ɗakin saba yana cikin wuraren da ake cewa a kashe da dare.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, hana sabon aiki farawa daban, katse wanda yake tsakiyar tafiya daban. Yawancin ɓarnar da na gani ta fito ne daga cakuɗa waɗannan biyu, sauran kuma daga mantuwa a ranar mayar da ayyukan kan jadawali.

Ka fara sanin abin da ke gudana

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin ranar, ka zauna ka rubuta duk ayyukan da ke kan jadawali, kuma ka sa a ranka cewa ba wuri ɗaya suke kwana ba. Akwai na tsarin kwamfutar kanta, akwai na rumbun bayanai, akwai na cikin manhaja.

A kan Linux, `crontab -l` yana nuna maka jadawalin mai amfani guda ne kawai, wato kai da ka shiga. Kowane asusu yana iya samun nasa, don haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya da `crontab -l -u` da sunan asusun, sannan ka leƙa `/etc/crontab` da `/etc/cron.d` da `/etc/cron.daily`. Bayan haka ka buga `systemctl list-timers --all`, domin sababbin tsare-tsare da yawa sun koma amfani da agogon systemd. Layin cron yana farawa da gurabe biyar: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. In ka ga `30 1 * * *`, ma'anarsa ƙarfe ɗaya da rabi na dare, kullum. Sai dai ka tambayi kanka, ɗaya da rabi na ina? Agogon Najeriya yana gaba da UTC da awa guda, kuma sabobin da ake haya a intanet galibi a kan UTC suke zuwa. `timedatectl` zai faɗa maka. Na ga wanda ya zauna jiran aiki ƙarfe sha biyu, bai ga komai ba, ya kashe saba ƙarfe ɗaya daidai lokacin da aikin yake tashi.

A kan Windows, `schtasks /query /fo LIST /v` yana zazzago komai. A SAP allon SM37 ne. Ka sa alamar tauraro a gurbin sunan aiki da na mai amfani, in ba haka ba naka kaɗai za ka gani. A Odoo sai ka kunna yanayin masu gina manhaja kafin jerin ayyukan jadawali ya bayyana a cikin saituna. A SQL Server suna ƙarƙashin SQL Server Agent.

Ka ƙirga sabobin ma. In manhajar tana kan biyu ko uku, kowacce tana iya samun nata mai jadawali. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45, saboda an sabunta manhaja a saba bakwai, an tsallake ta takwas.

A gaban kowane aiki ka rubuta abu biyu da ba kwamfutar da za ta faɗa maka: wane ne mai shi, kuma me zai faru in ya gudana sau biyu. Rahoton safe ko ya fita sau goma ba komai. Fayil ɗin albashi da ake tura wa banki kuwa, ko cire kaya daga sito, ko saƙon tuni ga masu bashi, sau ɗaya ake yi. Wannan sai ka tashi daga kujera ka je wajen akanta da mai kula da sito ka tambaya. Su za su faɗa maka ranakun da ba a taɓawa: harajin albashin ma'aikata yana zuwa hukumar haraji ta jiha kafin 10 ga wata, VAT kafin 21, kuɗin fansho kuma cikin ranakun aiki bakwai bayan biyan albashi, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. In kana da zaɓi, ka nisanci ƙarshen wata da goman farko.

Rufe mazurari

Kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin jadawalin: `crontab -l > jadawali.txt`, ko a Windows ka fitar da kowane aiki da `/xml`. Sannan ka dakatar, kada ka goge. Wannan gargaɗi yana da dalili na zahiri. A allon rubutu harafin e da harafin r maƙwabta ne. `crontab -e` yana buɗe jadawali don gyara, `crontab -r` yana share shi gaba ɗaya ba tare da ya tambaye ka ko ka tabbata ba.

Hanyar dakatar da layin cron ita ce sa alamar # a farkonsa. Ni nakan ƙara layi a samansa in rubuta kwanan wata da sunana da dalili. Ga agogon systemd, `systemctl stop` da sunan agogon yana tsayar da shi yanzu, amma in an sake kunna saba zai dawo, sai ka haɗa da `systemctl disable`. A Windows, `schtasks /change /tn` da sunan aiki sannan `/disable`. A SQL Server, `sp_update_job` da `@enabled = 0`. A Oracle, `DBMS_SCHEDULER.DISABLE` na aiki guda ne, mayar da `job_queue_processes` zuwa 0 kuma yana rufe ƙofa ga kowa. A Odoo ana tayar da manhajar da `--max-cron-threads=0`. A ERPNext, `bench --site` da sunan shafin sannan `disable-scheduler`.

Masu SAP suna da hanya mai tsabta. In aiki ɗaya ne, a SM37 a mayar da shi daga matsayin Released zuwa Scheduled, zai zauna da duk bayanansa amma ba zai tashi ba. In duka ne, a gudanar da shirin BTCTRNS1, wanda yake rataye duk ayyukan da ke jiran lokacinsu, ɗan'uwansa BTCTRNS2 kuma ya sauko da su daga baya.

Ra'ayina shi ne kada a yi saurin rufe komai da komai in tsayawar za ta wuce kwana guda. Kwafin ajiya, da mai share tsofaffin fayilolin rahoto don kada faifai ya cika, da mai sabunta shaidar tsaro ta Let's Encrypt da take ƙarewa bayan kwana 90, waɗannan masu gadi ne. Ba a sallamar mai gadi don an rufe masana'anta.

Wanda yake tsakiyar tafiya

Nan ne ake yin ɓarna. Duk umarnin da na ambata a sama, in ban da na Odoo da sai an sake tayar da manhajar, ba ya taɓa aikin da ya riga ya tashi. BTCTRNS1 ba ya katse aiki mai gudana. Tsayar da agogon systemd ba ya tsayar da abin da agogon ya riga ya tayar. A ERPNext, ayyukan da suka shiga layi a Redis za su ci gaba da fita ko ka rufe mai jadawali, kuma `bench doctor` zai nuna maka nawa suka rage. To, bayan ka rufe mazurari sai ka duba cikin injin: SM50 ko SM66 a SAP, `ps` ko `top` a Linux, allon lura da ayyuka na SQL Server Agent.

In ka ga aiki yana gudana, magani na farko shi ne jira. Ka duba tarihinsa, ka ga minti nawa ya saba ɗauka. In ya saba gamawa cikin minti arba'in kuma ya ci ashirin da biyar, ka je ka yi alwala ka yi salla, ka dawo. Mai gyaran janareta zai tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Injiniya, mu fa kai muke jira." Ka ba shi haƙuri. Minti goma sha biyar ɗinsa ba su kai kwana ukun da akanta zai yi yana neman inda lissafi ya karkace ba.

Dalilin jiran kuwa shi ne yadda rumbun bayanai yake aiki. Wasu ayyukan ana ɗaure su ne a ƙulli ɗaya, ko su shiga duka ko kada ko ɗaya ya shiga. In ka katse irin wannan, rumbun zai koma yana warware abin da aka saƙa, zare bayan zare, kuma warwarar tana iya ɗaukar lokacin da saƙar ta ɗauka, wani lokaci ma fiye. Wanda bai sani ba sai ya ga abu ya ƙi ƙarewa, ya kashe saba yana zaton ya huta, alhali da ta tashi daga nan za ta ɗora, kuma ba mai shiga wannan bayanin sai ta gama. Wasu ayyukan kuma kashi-kashi suke shigar da bayani. A ce takardun fitar da kaya 800 ne, an shigar da 500 ka katse. Ɗari biyar ɗin nan sun zauna. In da safe wani ya sake tayar da aikin daga farko kuma manhajar ba ta san ta tsallake na jiya ba, sito zai nuna an fitar da kayan da har yanzu suke jibge a ƙasa, mai kula da sito kuma ya shiga bakin mutane a kan laifin da bai yi ba. Wannan ya fi asarar lokaci ciwo.

In katsewar ta zama dole, misali UPS yana kuka kuma janareta ya ƙi tashi, ka bi ta ƙofar manhajar tukuna: soke aiki daga SM37, `sp_stop_job`, `DBMS_SCHEDULER.STOP_JOB`, `schtasks /end`. In ba ta yi ba, `kill -15` lallami ne, yana gaya wa shirin ya tattara kayansa ya fita. `kill -9` kuwa ba ya ba shi damar ko rufe fayil, don haka shi ne na ƙarshe. Nan take ka rubuta sunan aikin da lokacin da ka katse shi da inda ya tsaya. Mai SAP ya duba SM12 ko an bar wasu bayanai a kulle, da SM13 ko akwai shigarwar da ta maƙale. Tun da dare za ka aika wa mai aikin saƙo, kada ya zo da safe ya ɗora lissafi a kan rabin gini.

Tunda ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce a Bompai da Sharaɗa da Challawa, ya kamata a haɗa UPS da saba ta waya, a sa manhaja irin su PowerChute ko NUT ta rufe ayyuka cikin tsari da zarar batir ya yi ƙasa. Ƙarfe uku na dare ba injiniya a wurin, sai Baba mai gadi da masu aikin kwana.

Kwafin gwaji

Akwai wata tsayarwar da ake mantawa da ita. Wata rana a wani kamfanin kayan masarufi a Bompai, aka kwafi rumbun bayanai na watannin baya aka ɗora a wata kwamfuta don koya wa sababbin ma'aikata. Aka kunna manhajar, aka tafi cin abinci. Mai jadawalin da ke cikin kwafin bai san shi kwafi ba ne. Ya ga lokacin tura tuni ga masu bashi ya wuce, sai ya tura. Kafin la'asar wayar manaja ta ɗau zafi. Ina zaune wani dila daga Kasuwar Singa ya kira, muryarsa har inda nake: "Haba Alhaji, kuɗin nan ai tun kafin azumi na biya. Ko so ake a ce ni maci amana ne?" Manajan ya yi ta ba shi haƙuri, da ya ajiye waya ya dube ni ya ce, "Malam, shekara goma sha wani abu muna tare da mutumin nan." Na ce, "Ranka ya daɗe, za a gyara." Bayanan mun gyara cikin awa guda. Zuciyar dilan kuwa sai da manaja ya taka har shagonsa.

Don haka duk kwafin da za a kunna a wani wuri, a rufe mai jadawalinsa kafin kunnawar farko, a kuma toshe masa hanyar fita intanet. Odoo tun daga siga ta 16 tana da umarnin `neutralize` saboda wannan. Manhajojin Java kuma, masu amfani da Quartz ko agogon EJB mai ɗorewa, sukan ajiye jadawalinsu a rumbun bayanai ko a faifai, saboda haka yana bin kwafi duk inda aka kai shi, kuma kashewa da kunnawa ba ta share shi.

Ranar mayarwa

Ka kunna rumbun bayanai, sannan manhaja, ka shiga ka tabbatar komai lafiya, ka duba agogon saba daidai yake. Sai a zo kan ayyuka, kuma a nan tsare-tsaren sun sha bamban. Cron ba ya ramuwa, abin da lokacinsa ya wuce ya wuce, sai ka tayar da shi da hannu in ana bukata. SQL Server Agent ma haka. Amma anacron yana ramawa, agogon systemd mai `Persistent=true` yana ramawa, Windows yana ramawa in an zaɓi hakan a saitunan aikin, Odoo tana tayar da duk wanda ya makara. A SAP, da ka gudanar da BTCTRNS2, ayyukan da lokacinsu ya wuce za su taso gaba ɗaya kamar an buɗe ƙofar masana'anta ƙarfe shida na yamma. Saba ta yi nauyi, masu rubuta rasit su kasa aiki, tireloli su yi layi a waje. Mafi muni, aikin da ya kamata ya jira wani sai ya riga shi: a haɗa albashi kafin a kwaso bayanan dangwala yatsa, leburan da ya yi kwana uku a bakin inji ya ga ba kuɗin ƙarin lokacinsa. Kafin ka saki ayyukan, ka bi jerin nan da ka rubuta, ka gyara lokacin waɗanda bai kamata su rama ba, ka saki masu kawo bayani kafin masu lissafi da shi. In da hali, ka yi haka bayan an tashi daga aiki.

Kashedi na ƙarshe daga kaina ya fito. Shekarun baya na dakatar da ayyuka a wata masana'anta a Sharaɗa saboda ƙidayar kaya. Da aka gama na mayar da su daga ƙwaƙwalwata, ban rubuta ba. Duk wanda wani ke jira na tuna da shi, domin da rahoton safe bai fito ba da an kira ni. Kwafin ajiya kuwa ba mai jiran sa, ba mai tambaya. Sai bayan kusan wata uku, da faifai ya lalace, muka buɗe ma'ajiyar muka tarar kwafi na ƙarshe na ranar ƙidaya ne. Ma'aikata uku suka yi mako biyu suna sake shigar da bayanai daga takardun fitar da kaya, har da ranakun hutunsu. Har yau in na tuna da su raina yakan ɓaci, domin sakacina ne ya hana su zama da iyalinsu. Tun daga ranar, jerin da na dakatar da shi nake mayarwa, ina sa alama a gaban kowane layi, kuma washegari da safe nakan buɗe tarihin ayyuka in ga da idona cewa kowanne ya gudana ya gama, in duba girman fayil ɗin kwafin da kwanan watansa.

Ga Alhazanmu masu masana'antu da manajojinsu kuma ina da roƙo. In yaronku na ɗakin saba ya ce a ba shi rabin awa kafin a kashe wuta, a ba shi. Ku sa ya buga jerin ayyukan jadawali a takarda, da sunan mai kowane aiki da lambar wayarsa ta ofis, a manna a bayan ƙofar ɗakin, a ajiye kwafi a wajen akanta. Duk ranar da aka dakatar da wani aiki a rubuta a littafi, wanda ya mayar ya sa hannu, wani daban ya duba. Ku tambaye shi yau, ba sai gobe ba, ya nuna muku kwafin ajiya na daren jiya.